Laifuffukan Hajara

Shekara huɗu Hajara Abdulƙadir ta yi a jami'a tana karatun kimiyyar kifi, amma da za a tara malaman sashen a ce su nuna ta, da sai dai su nuna ginshiƙin da take zama a bayansa. Kar ku ji na ce ginshiƙi ku zaci daƙiƙiya ce. Sakamakonta yana cikin na sama-sama. Wata ɗabi'a ce ta ɗauka tun ranar da ta bar garinsu Warra, can bakin tafkin Kainji. A gida bakinta ya fi injin jirgi ƙara, a makaranta kuwa ko tari za ta yi sai ta duba hagu da dama. Wani ne ya gaya mata cewa malamai suna son ɗalibi mai ladabi, ita kuma ta zuba ladabin nan har ya yi yawa, kamar gishiri a miyar sabuwar amarya.

Sai ga tallafin karatu ya fito, na digiri na biyu, irin wanda mutum zai tafi da jakarsa kawai. Hajara ta sa rai a kansa ƙwarai, domin in ba shi ba, karatunta ya tsaya ke nan. Sharaɗin da ya tsaya mata a wuya shi ne takardar shaida daga malamai biyu da suka san ɗalibi, su faɗi ko shi wane ne da abin da zai iya.

Ta farko ba ta yi wuya ba. Akwai wani dattijon farfesa a sashen, mutumin kirki, wanda takarda ɗaya gare shi a kwamfuta tun zamanin da aka kawo kwamfutar. Suna kawai yake canzawa. Kowa a wurinsa haziƙi ne, mai ladabi, mai riƙon amana. A ta Hajara ma ya manta ya bar sunan wani Auwalu a sakin layi na biyu, sai da ta koma aka gyara. Masu ba da tallafi sun san irin wannan takarda, sun ga dubunta, ba ta ɗaga musu gira. Saboda haka komai ya rataya a kan ta biyu. Ita kuwa ta biyu dole ta fito daga hannun Dakta Grace Okon, domin ita ce mai koyar da fannin da Hajara ke nema, wato sarrafa kifi bayan an kama shi.

Dakta Grace gajeriya ce, baƙa, mai tabarau da igiya a wuya. Ɗalibai suna kiranta Kurungu, saboda kifin nan duk ta inda ka kama shi ƙaya ce. A gabanta suke faɗi, ba ɓoyo, tunda kowa ya san mai suna Okon daga can wajen Kalaba take, kuma ba wanda ya taɓa jin ko sannu ta fito daga bakinta da Hausa. An ce takardarta ɗaya ta fi ta farfesa goma nauyi, saboda ba ta rubuta wa kowa sai wanda ta sani.

Hajara ta sa mayafinta mafi kyau, ta tafi ofis, ta rusuna har gwiwarta ta yi ƙara. Da Turanci aka yi maganar duka.

"Wace ce ke?" in ji Dakta.

"Hajara Abdulƙadir, Ma. Ina ajinki."

"Ajina? Tun yaushe?"

"Tun aji biyu, Ma."

Dakta ta sauke tabarau ta dube ta sama da ƙasa. Ta buɗe kwamfuta ta ga maki, ta gyaɗa kai, ta rufe.

"Makinki yana da kyau. Amma maki suna da shi a hannunsu, ba sa bukatar in sake karanta musu. Me zan ce a kanki? Kin taɓa yi mini tambaya? Kin taɓa yi mini gardama?"

"A'a, Ma. Ni ba na gardama."

"To ai shi ke nan. In rubuta cewa ba kya magana, kina da ladabi? Kujerar da ke bayanki ma haka take. Ni abin da na gani nake rubutawa, ko abin da na ji daga bakin da na yarda da shi. In kina son takarda irin ta kowa, gobe ki zo ki karɓa. Amma ina gaya miki, ba za ta kai ki ko bakin ƙofa ba."

Hajara ta yi godiya, ta sake rusunawa. Tana juyawa ta ce ƙasa-ƙasa da Hausa, "Wagga mata, wanda yas sa miki Kurungu bai yi ƙarya ba." Dakta ta ɗago kai kaɗan, ta mayar kan takardunta.

An ce in da rabon ka sha, ko a dutse sai ruwa ya ɓullo. Ba a yi mako ba aka manna sanarwa cewa Dakta Grace za ta je bakin tafkin Kainji ta zanta da mata masu banda, tana neman ɗalibi ɗan yankin da zai yi mata tafinta. Hajara ta karanta, ta sake karantawa. Bakin da za a yarda da shi ake nema? Ai Warra cike take da bakuna, kuma duk na danginta ne. Ta rubuta sunanta kafin wani ya riga ta, ta ce ma mahaifiyarta banda take yi. Dakta ta ce to, da gidansu za a fara.

Hajara ta riga ta zuwa gida da kwana biyu domin ta gyara shaidu.

Kawu Ɗangana, ƙanen Innarta, mai jirgin haya, bai ba ta wahala ba. Mutum ne da in ya kama tarwaɗa da safe, kafin azahar ta zama giwan ruwa a bakinsa.

"Yabo kaɗai kika so?" ya ce, yana zuba mai a inji. "Ɗiyata, bar min wanga aiki. In nig gama da ita, da kanta za ta ba ki kujeratta."

"Kawu, kaɗan-kaɗan hwa. Abin da hankali ka ɗauka."

"Ni za ki koya ma magana?"

Wahalar tana cikin gida. Inna Tabawa tana tsaye a gaban murhun banda tana juya kifi, doguwa, siririya, hannayenta baƙi ƙirin da aiki. Hajara ce 'yarta ta fari, kuma a gidaje irin namu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta yabe ta. Kunya ce, an gaje ta kaka da kakanni, ga kuma tsoron baki, don abin da aka cika yabo ba ya ƙarko. Tun da Hajara ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan", in abin ya yi zafi a ce "waccan". Ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a, duk unguwa ta zo barka, Inna ta ce ashe jami'ar ba ta da tsada, kowa ma ɗauka take. Hajara ta san al'ada ce, ta san ba ƙiyayya ba ce. Amma sanin bai hana abin yi mata ciwo ba, kuma ya daɗe yana yi.

Ta durƙusa kusa da ita ta yi bayani dalla-dalla: tallafi, takarda, malama, da abin da zai faru in takardar ta yi sanyi.

"Inna, kalma biyu kaɗai. Ki ce ina da ƙoƙari. Ko sunana ba sai kin hwaɗi ba."

Inna ta juya wata karfasa, ta danna ta da yatsa.

"Ni in zamna gaban baƙuwa in yabi abin da ni haihwa? Kin taɓa jin inda anka yi haka?"

"Inna, karatuna hwa."

"Karatunki na gabanki. Matsa, kin tare min iska."

Hajara ta tashi da ƙunar rai. Sai can wajen la'asar wata dabara ta faɗo mata, har ta yi murmushi ita kaɗai. Ai ita ce tafinta. Inna ta faɗi duk abin da ta ga dama, kafin ya isa kunnen Dakta sai ya bi ta bakinta. Mai rabon nama ba ya kwana da yunwa.

Ranar da aka sa, ta je Yelwa ta tari Dakta a tasha, suka kamo hanyar Warra. Da yake Dakta tana son ta fara ɗibar ruwan tafki a kwalabe, sai suka shiga jirgin Kawu Ɗangana. Ya sa babbar rigarsa ta sallah a cikin jirgi, abin da ba mai hankalin da zai yi. Ko inji bai gama ɗumi ba ya fara.

"Hwaɗa mata, ran da anka haihe ki, giwan ruwa yat tsallako cikin jirgina da kanshi, don murna!"

Hajara ta ce da Turanci, "Ya ce yana yi miki barka da zuwa, Ma."

"Hwaɗa mata kina da shekara bakwai kin ka yi iyo daga nan har tsibiri, kin ka komo ba ki huta ba! Dorina ma in ta gan ki ba ki hanya takai!"

"Ya ce na iya ruwa kaɗan."

Kawu ya ga fassarar tana yi masa gajarta, sai ya ɗauki abin da hannunsa. Ya nuna Hajara, ya ɗaga babban yatsa, ya daka tsawa, "Hajara, namba wan! Furofesa!" Jirgi ya karkace, ruwa ya fantsamo wa Dakta a siket. Ita dai ta juya fuska wajen tafki, kafaɗunta suna ɗan rawa. Hajara ta ɗauka sanyi ne. Littafin Dakta yana kan cinyarta a rufe, ko biro ba ta zare ba, kuma wannan ya tayar wa Hajara da hankali. Shaida ɗaya ya tafi a banza.

Da suka shiga gida, Inna ta yi maraba da baƙuwa yadda ya kamata, ta kawo ruwa da kunu. Hajara tana can tana kakkaɓe tabarma, Dakta kuwa tana tsaye kusa da murhu tana kallon kifi. Inna ta ce, kamar da kanta take magana, "Garwashi na nan bayan ƙahwa." Dakta ta janye ƙafarta. Inna ta dube ta, ta ci gaba da gyara itace.

Aka zauna aka yi tambayoyin aiki: wane itace ake sawa, wane kifi ya fi saurin lalacewa, ina masu saye ke fitowa. Nan Hajara ta fassara tsakani da Allah. Sai Dakta ta rufe shafi, ta buɗe sabo.

"Tambaye ta, wace irin yarinya ce ke a gida."

Hajara ta tambaya. Inna ba ta ko kalle ta ba. Ta gyara zama, ta fuskanci baƙuwa.

"Wagga? Ai ni ban ga abin hwaɗi ba sai ɓarna. Kin ga murhun ga? Ba shi na nawa ba. Nawa na gado na, tun na uwata. Nit tahi kasuwar Yelwa, in komo in iske ta rushe shi, ta kwaɓa laka, ta samo wata tsohuwar ganga ta yanke, ta kahwa mishi wani hanci sama. Wai hayaƙi na ci min ido. Wa yac ce mata idona ya kai ƙara? Ran hwarko kwandon kihi guda ta ƙone min ƙurmus. Nic ce ta bari, taƙ ƙiya. Yar rushe, tas sake. Yas sake rushewa, tas sake. Ban taɓa ganin taurin kai awa nata ba. Yanzu ga shi ta ja min. Kihi ba shi baƙi, itace ba shi ƙarewa, masu saye tun da sahe suna bakin ƙohwa ba su bari in karya kumallo. Matan unguwa ko, kowace ta zo wai ina ɗiyarki ta gina min irin naki. Ni na zama mai tsaron ƙohwa."

Biron Dakta yana ta gudu a kan takarda. Hajara ba ta lura ba, domin hankalinta yana kan abin da za ta fassara. Rushe kayan gado, ƙona kifi, ƙin jin maganar uwa. Wa zai ba mai wannan hali tallafi?

"Ta ce ina taimaka mata da aikin gida, Ma."

Dakta ta ɗago. "Duk wannan doguwar maganar?"

"Hausa ce, Ma. Tana da tsawo."

"To. Ta ci gaba."

Ba sai an ce wa Inna ta ci gaba ba, ta riga ta hau.

"Wannan duk mai sauƙi na. Akwai shekarar da samari sunka kama kamun kihi da gidan sauro, suna kwashe ɗiyan kihi tun ba su kai yatsa ba. Maza na gani, kowa ya yi shiru. Sai wagga, ɗiya mace, tad ɗebo su cikin kwano tat tahi zauren Sarkin Ruwa, dattawa na zamne. Ta aje kwanon gabansu, ta riƙa ɗauko su ɗai-ɗai tana hwaɗin sunansu, wanga giwan ruwa na, wanga ragon ruwa na. Tac ce su nuna mata wanda ya isa miya. Tac ce in an cinye ɗiya bana, baɗi uwar wa za a kama? Gaban manya! Ni kwana da kwanaki ban iya hita ba don kunya. Sarkin Ruwa ya hana gidan sauro a mashigarmu, har yau samarin ba su gaishe ni."

Hajara ta ji kamar ta nutse. Ta tuna ta gaya wa Dakta da bakinta cewa ita ba ta gardama.

"Ta ce ina girmama manya, Ma."

"Madalla," in ji Dakta, tana rubutu.

"Ɗakinta ko," Inna ta ɗora, "ba a shiga. Kwalabe na cike da ruwan tabki, na rani daban, na damina daban, duk sun yi kore suna wari. In an ba ta kihi ta gyara, sai ta hwasa cikinshi ta zamna tana dibin abin da yac ci. Mu muna jiran miya, ita tana binciken abincin mamaci. Mahaihinta ya sha kwana da yunwa."

"Ta ce ina da tsafta, Ma, kuma na iya girki."

Dakta Grace ta ajiye biro. Ta cire tabarau, ta goge shi da bakin gyalenta a hankali, ta mayar. Sannan ta buɗe baki, sai ga Hausa tana zubowa, tatacciya, da ɗan karin mutanen Zuru.

"Inna, don Allah ci gaba. Rabu da wannan tafintar, tun a jirgi take yanka mini ƙarya."

Kawu Ɗangana, wanda ke bakin ƙofa yana shan kunu, ya sarƙe har sai da ya fita waje. Hajara kuwa ta daskare da baki buɗe. Abin da ya fara zuwa mata a rai ba fassarar ba ce, Kurungu ce. Ta shiga lissafin sau nawa ta faɗa, da kuma nisan da ke tsakaninta da Dakta a kowane faɗi. Lissafin bai yi mata daɗi ba.

"Ma... kina jin Hausa?"

"A Zuru aka haife ni, a Kwantagora na girma. Okon mijina ne. Ba wanda ya taɓa tambayata, ni kuma na ga abin da nake ji a aji ya fi rediyo daɗi, sai na yi shiru." Ta juya shafin littafinta wajen Hajara, cike da rubutu. "Na girma cikin gidajen da uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Na san yadda ake sauraren irin wannan zagin. Ke kuma da kika tashi a ciki, kin kasa. An ba ki nama kin zubar, kin miƙo mini romo. Aikin gida, girmama manya, tsafta. Da abin da kika fassara zan rubuta, da takardarki ta fi ta farfesa sanyi."

Hajara ta sunkuyar da kai. Kunya ta gama cinye ta, ba sauran abin da za ta kare.

Dakta ta tashi ta zagaya murhun, ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa gangar, ta ɗaga kai ta dubi bututun hayaƙin da Inna ta kira hanci.

"Na ji daga bakin da na yarda da shi. Saura in gani da idona. Aikin ba laifi, amma bututun ya yi gajere. Da kin ƙara masa tsawo da ya fi jan hayaƙi. Wannan kuskure ne na wanda bai karanta ba."

Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Hajara ta ji wani abu ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ta shekara huɗu tana dannewa.

"A'a, Ma. Ba kuskure ba ne."

"Me kika ce?"

"Na gwada dogo. Ja yake da ƙarfi, wuta ta tashi, kifi ya ƙone a waje cikinsa ɗanye. Shi ne kwandon da Inna ke faɗi. Kuma iskar da ke tasowa daga tafki da yamma kayar da shi take. A littafi dogo ya fi, amma mai littafin bai zauna a Warra ba."

"To me ya hana ki rage ƙofar iska ta ƙasa?"

"Na rage. Sai wuta ta mutu in itacen ɗanye ne, kuma da damina ba mu da busasshe."

Haka suka kama. Dakta ta kawo wannan, Hajara ta ture, Hajara ta kawo nata, Dakta ta ce ba ta yarda ba sai an auna zafi. Suka koma Turanci, suka dawo Hausa, har Hajara ta shiga ɗaki ta kwaso kwalaben nan masu wari ta jera a tsakar gida. A wani wuri Dakta ta kayar da ita warwas, ta nuna mata cewa ruwan da ya kwana wata a kwalba ba ya faɗin gaskiyar tafki, Hajara ta ce ta yarda amma ba duka ba. Ba su ankara ba sai da aka kira la'asar. Inna tana gefe tana juya kifinta, kamar ba a gidan ake yi ba.

Dakta ta rufe littafi tana haki kaɗan.

"Wannan yarinyar nake nema tun aji biyu. Ina kika ɓoye ta?"

"Bayan ginshiƙi, Ma."

"Zan rubuta takardar. Murhu zai shiga, da kwanon Sarkin Ruwa, da gardamar yau. Taurin kai ma zai shiga, don shi suke nema, sai dai su da wani suna suke kiransa. Amma ki rubuto mini bayanin murhun nan da duk gwajin da ya faɗi, ki kawo ofis, mu sake faɗa. Aikin tafinta kuwa, ba zan ba kowa shawarar ya ɗauke ki ba." Ta rataya jakarta. "In kin koma, ki gaishe mini da masu kiwon Kurungu."

Ta durƙusa ta yi wa Inna sallama da Hausa, Inna ta sa mata albarka. Kawu Ɗangana ya dawo ya karɓi jakar kwalabenta zai raka ta tasha, yana rantsuwa cewa shi tun a jirgi ya gane, bai dai so ya kunyata kowa ba.

Gida ya yi shiru. Hajara ta tsaya a bayan Inna. Farin ciki ya cika ta, amma ba na takardar ba ne kawai. Shekaru tana zaton duk abin da take yi a gidan nan yana wucewa ne ta gaban Inna kamar jirgin wani. Ashe ba abin da ya wuce. Har sunayen kifin da ta kira a zauren Sarkin Ruwa, inda Inna ba ta ma je ba, tana riƙe da su.

"Inna, da ba ta jin Hausa hwa? Da kin kashe ni."

"Ke kaɗai ba ki gane ba," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Nic ce garwashi, taj janye ƙahwa. Wanda ba shi jin Hausa, ƙonewa shikai."

Wato tun kafin a fara, Inna ta san da wa take magana.

"Ashe duk kina riƙe da su, Inna."

"Laihi ai ba a mance shi."

Inna ta kai bakin zanenta ta goge ido, ta sake gogewa.

"Wanga hayaƙi," ta ce.

Hajara ta ɗaga kai ta dubi bututun. Hayaƙi yana fita ta cikinsa siriri, yana miƙewa sama abinsa, ko ɗigo bai sauko tsakar gida ba. Ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta rufe. Wannan karon ladabin ya zo daidai wurinsa.

Inna ta kwashe kifi daga kan wayar murhu, ta jera sabo, ta tura itace.

"Ke. Kina tsaye nan awa turke. Ruga ki cim ma matag ga kahin ta shiga mota. Ki ce na mance da guda, ran da kin ka tara ɗiyan unguwa kina koya musu karatu bisa jirgin kawunki har yak kwance yat tahi da ku. Ki hwaɗa mata yadda nih hwaɗa miki, kar ki gyara."

Hajara ta zari mayafi ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.